FASHIN BAƘI: Kwana shida a bakin kogin Somme da Shakespeare ya dunƙule a jimla guda

A ranar 13 ga Oktoban 1415 rundunar Sarkin Ingila, Henry na Biyar, ta doshi wani mashigi da ke kusa da bakin kogin Somme a arewacin Faransa. Nufinta shi ne ta tsallaka ta wuce Calais, garin da ke hannun Ingila a lokacin, inda sojoji za su hau jiragen ruwa su koma gida. Guzurin kwana takwas suka ɗauko, kuma sun riga sun cinye fiye da rabinsa. Kafin su ƙarasa sai labari ya iske su cewa Faransawa sun kafe mashigin da turaku masu tsini, sun kuma girke dakaru a ɗaya gaɓar. Daga ranar sai da suka yi kwana shida suna bin gaɓar kogin, suna nesanta da teku, cikin yunwa da ciwo, kafin su samu inda za su haye.

Bayan shekara 184, a 1599, William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayonsa mai suna Henry V a kan wannan yaƙi. A cikin wasan sau ɗaya aka ambaci kogin: a Kashi na Uku, Fitowa ta Biyar, Sarkin Faransa ya shaida wa fadawansa cewa lallai Henry ya riga ya haye Somme. Shi ke nan. Kwana shidan da suka kusa halaka rundunar sun koma jimla guda a bakin abokin gaba.

Wannan rubutu zai bi gaɓar kogin ne ya duba abin da ya faru a can, ya kwatanta shi da abin da aka hau dandamali da shi, domin a tsakanin biyun ne ake ganin yadda ake ƙera labarin nasara.

Wane kogi ne Somme?

Somme ba babban kogi ba ne. Tsawonsa kimanin kilomita 245 ne. Yana tasowa daga Fonsomme kusa da Saint-Quentin, ya ratsa Péronne da Corbie da Amiens da Abbeville, sannan ya faɗa tekun da ya raba Faransa da Ingila, tsakanin garuruwan Saint-Valery da Le Crotoy. Ƙarfinsa a yaƙi ba daga yawan ruwansa ba ne, daga fadamarsa ne. Kwarin da yake bi cike yake da tafkuna da taɓo mai haɗiye ƙafar doki, har ya zama runduna ba ta iya hayewa sai ta gada, ko ta wasu 'yan mashigai da mutanen wurin kaɗai suka sani. Duk wanda ya karya gadoji ya tsare mashigai, ya rufe hanyar arewa.

Tarihin sarautar Ingila ya daɗe yana ratsa wannan kogi. Daga Saint-Valery ne William, mai mulkin Normandy, ya tashi da jiragensa a ƙarshen Satumban 1066 ya je ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan ne aka samu sarakunan Ingila masu riƙe da ƙasashe a Faransa, waɗanda a gida su ne wuƙa su ne nama, amma a ƙetaren teku suna ƙarƙashin Sarkin Faransa. A majami'ar Amiens, a bakin Somme, Sarki Edward na Uku ya yi wa Sarki Philip na Shida mubaya'a a 1329. Shekara takwas bayan haka, a 1337, su biyun suka shiga rikicin da aka sani da Yaƙin Shekara Ɗari, bayan Edward ya dage cewa shi ne ya fi cancanta da gadon sarautar Faransa ta wajen mahaifiyarsa.

Mashigin da kakan ya bi

Mashigin da Henry ya nufa sunansa Blanchetaque, ma'ana farin tabo, saboda farar tsakuwar da ke ƙasansa wadda take ɗaukar nauyin doki da amalanke. Yana tsakanin Abbeville da teku, kuma ba ya hayuwa sai lokacin da ruwan teku ya janye. Henry bai zaɓe shi da ka ba. A watan Agustan 1346 kakan mahaifinsa, Edward na Uku, ya samu kansa a irin wannan matsi: Faransawa sun tsare gadojin Somme, babbar rundunar Philip kuma tana biye da shi. Marubucin tarihi Jean Froissart ya ruwaito cewa wani kamamme ɗan yankin, mai suna Gobin Agace, shi ya nuna wa Edward mashigin, aka saka masa da 'yanci da kuɗi da doki. A ranar 24 ga Agusta Ingilawa suka kutsa cikin ruwan, 'yan bakarsu suka tarwatsa masu gadin gaɓar, kwana biyu bayan haka kuma suka yi wa Faransa mummunan kaye a Crécy.

Wannan labari ma ya hau dandamali. A wasan Edward III da aka buga a 1596, wanda masana da yawa a yau suke ganin akwai hannun Shakespeare a cikinsa, sarki ya sa an kira masa Bafaranshen da ya nuna mashigin Somme, ya 'yanta shi, ya yi masa kyautar zinariya. A Henry V kuwa, manyan limaman Ingila suna zuga saurayin sarkin da tuna masa jarumtar kakanninsa, shi ma Sarkin Faransa yana gargaɗin fadawansa da abin da ya faru a Crécy.

Abin da wasan bai faɗa ba shi ne cewa Faransawa ma sun riƙe darasin 1346. Shekara 69 bayan haka, da jikan ya zo bin sawun kakansa, sai ya tarar an riga shi isa.

Kwana shida na yunwa

Henry ya sauka Normandy a tsakiyar Agustan 1415 da mayaƙa kimanin 12,000, ya yi wa garin Harfleur ƙawanya. Garin bai miƙa wuya ba sai 22 ga Satumba, kuma kafin lokacin cutar atuni ta yi wa sansanin ɓarna. Ta kashe Bishop na Norwich, Richard Courtenay, aminin sarki, ta kashe mai sarautar Suffolk, aka kuma mayar da ɗimbin majinyata gida. Sarki na iya hawa jirgi daga Harfleur ya koma Ingila, amma gari ɗaya bai kai abin nuna wa majalisar da ta amince da harajin yaƙin ba. Sai ya zaɓi ya taka ƙasar da yake da'awar tasa ce har zuwa Calais, domin duniya ta ga babu mai iya tare shi.

Mafi yawan abin da aka sani game da tafiyar ya fito ne daga wani limamin fada da ba a san sunansa ba, wanda ya yi tafiyar da ƙafarsa, ya kuma rubuta littafin Gesta Henrici Quinti da Latin cikin shekara biyu da suka biyo baya. Littafin yabon sarki ne, amma duk da haka tsoron da aka sha a bakin kogi ya fito fili a cikinsa.

Da aka rasa Blanchetaque, rundunar ta juya ta bi kogin zuwa sama. Ko'ina ta je sai ta tarar an karya gada, dakarun Faransa ƙarƙashin Charles d'Albret da Boucicaut kuma suna tafe daura da ita a ɗaya gaɓar. Gaba kura, baya sayaki. Burodi ya ƙare, sojoji suka koma cin busasshen nama da 'ya'yan itatuwan daji. A garuruwan da suka ratsa, tun daga Arques da Eu har zuwa Boves kusa da Amiens, hanyar samun abinci ɗaya ce: a aika wa mutanen gari cewa ko su kawo burodi da giya, ko a cinna wa ƙauyukansu wuta.

A wajajen Corbie, ranar 17 ga Oktoba, abubuwa biyu suka faru. Na farko, sarki ya ji cewa Faransawa na shirin afka wa 'yan bakarsa da barade, sai ya umarci kowane ɗan baka ya sari itace mai tsawon ƙafa shida, ya fiƙe shi kai da gindi, ya riƙa tafiya da shi. Waɗannan turaku ne daga baya aka kafa a gaban sahu a Agincourt, suka karya sukuwar dawakan Faransa. Na biyu, an kama wani soja da ya saci ƙaramin akwatin ibada na tagulla daga wata majami'a, yana zaton zinariya ne. Sarki ya sa aka rataye shi a gaban runduna.

Daga nan Henry ya yanke wani babban lanƙwasa da kogin ya yi, ya miƙe zuwa Nesle, abin da ya ba shi tazara tsakaninsa da masu bibiyarsa. Mutanen Nesle suka ƙi ba da abinci, ya yi barazanar ƙone ƙauyukan da ke kewaye. Ana cikin haka labari ya zo cewa akwai mashigai biyu a Béthencourt da Voyennes da ba a tsare su sosai ba. Faransawa sun farfasa tudun hanyar da ke ratsa fadama zuwa ruwan, don haka sojojin Ingila suka cike ramukan da ƙyamare da tagogi da katakon gidajen ƙauyawa, da dammunan ciyawa da itace. Ranar 19 ga Oktoba aka yini ana hayewa har bayan faɗuwar rana.

Washegari manzannin Faransa suka zo da saƙon cewa za a tare shi kafin Calais. A ranar 25 ga Oktoba aka gwabza a Agincourt, bayan tafiyar da ta haura kilomita 400. Kwana shidan da kogin ya cinye su ne suka ba Faransa damar tara runduna ta sha gabansa. Da Blanchetaque a buɗe yake, da wataƙila babu yaƙin Agincourt, babu kuma wasan da ya ɗaukaka shi.

Abin da dandamali ya nuna, da abin da ya tsallake

Shakespeare bai ga littafin limamin ba. Ya dogara ne galibi da kundin tarihin Raphael Holinshed, bugu na biyu na 1587, wanda ya kawo labarin tafiyar da hayewar kogin. Wato marubucin ya san abin da ya faru, zaɓi ya yi. Ga wurare huɗu da zaɓin ya fi fitowa.

Na farko, satar majami'a. Shakespeare ya ɗauki sojan da ba a san sunansa ba ya mayar da shi Bardolph, tsohon abokin shaye-shayen sarki tun yana yarima, ya kuma matsar da lamarin zuwa bayan hayewar Somme. Sarki ya ji labarin hukuncin, ya amince, sannan ya ba da umarnin kada a karɓi komai a ƙauyuka sai an biya, kada kuma a ci zarafin Bafaranshe. Gaskiya ne Henry ya kafa dokokin kare majami'u da mata da limamai. Amma burodin da aka karɓa da barazanar wuta, da ƙyamaren da aka ɓalle aka shimfiɗa a fadama, babu su a wasan. Ƙauyawan Somme ba su da baki a dandamali.

Na biyu, Harfleur. A wasan, bayan garin ya miƙa wuya, sarki ya umarci baffansa Exeter ya tausaya wa kowa. Limamin da ya shaida abin ya rubuta cewa an fitar da mata da yara da talakawa kimanin 2,000 daga garin.

Na uku, 'yan baka. Su ne mafi yawan rundunar, talakawa ne masu karɓar ladan yini, kuma kibansu da turakunsu ne suka juya yaƙin. A wasan kusan babu ambatonsu. Nasarar ta zama ta jawabin sarki da ikon Ubangiji.

Na huɗu, alƙaluma. Wasan ya ce Faransawa 60,000 ne, biyar ga kowane Ba'ingile ɗaya, sannan ya lissafa matattun Faransa 10,000, na Ingila kuwa 29 kacal. Masana tarihi har yau ba su daidaita ba. Juliet Barker ta karkata ga cewa Ingilawa kimanin 6,000 ne a gaban rundunar da ta ninka su sau da yawa, yayin da Anne Curry, wadda ta bi takardun biyan albashin sojoji, ta kawo a littafinta na 2005 cewa kimanin 9,000 ne a gaban kimanin 12,000. Babu mai musun cewa Faransa ta yi asarar dubban mutane, ciki har da d'Albret kansa, amma babu masanin da ke ɗaukar 29 da gaske.

Shin Shakespeare maroƙin fada ne?

Da sauƙi a ce wasan kirari ne kawai, irin na makaɗin da ke cin abinci a ƙofar sarki. Lokacin da aka rubuta shi ma yana ƙarfafa wannan zato. A 1599 Ingila tana yaƙi a Ireland, kuma mai gabatar da wasan ya kwatanta dawowar Henry daga Faransa da dawowar da ake fata janar ɗin Sarauniya Elizabeth zai yi daga can, wanda akasarin masana suka ce mai sarautar Essex ake nufi. Essex ya dawo a Satumban shekarar ba tare da nasara ba, aka kuma fille masa kai a 1601 bayan ya yi yunƙurin tawaye.

Sai dai wanda ya karanta wasan a tsanake zai ga marubucin ya binne tambayoyi masu nauyi a cikinsa. Fitowar farko ba a filin daga take ba, a ɗaki take, inda manyan limamai biyu ke tattauna wani ƙudurin majalisa da zai ƙwace dukiyar coci, da kuma maƙudan kuɗin da suka yi wa sarki tayi domin yaƙin Faransa. Bayan wannan ne babban limamin Canterbury ya tsaya ya yi dogon bayanin shari'a da ya halatta wa sarki da'awarsa. A wasan da ya gabace shi, Henry IV kashi na biyu, mahaifin Henry, wanda ya ƙwace mulki daga Richard na Biyu a 1399, ya yi wa ɗansa wasiyya a gadon mutuwa cewa ya shagaltar da masu tunanin tayar da fitina da rigimar ƙasashen waje.

A daren yaƙi kuma sarki ya ɓad da kama ya shiga cikin sojojinsa, inda wani ƙaramin soja mai suna Williams ya gaya masa ido da ido cewa idan dalilin yaƙin ba na gaskiya ba ne, to alhakin gawarwaki da zawarawa da marayu yana wuyan sarki ranar hisabi. Wasan bai ɓoye cewa Henry ya ba da umarnin a kashe fursunonin yaƙi ba, abin da ya faru da gaske a Agincourt. Ya kuma rufe da tunatar da masu kallo cewa duk abin da aka ci an rasa shi a zamanin ɗansa.

Waɗanda suka zo da almakashi

Aikin sharewar da ya rage, na baya ne suka ƙarasa shi. Fim ɗin Laurence Olivier ya fito a Nuwamban 1944, watanni kaɗan bayan saukar dakarun ƙawance a Normandy, an kuma sadaukar da shi ga sojojin kundumbala da na laima na Birtaniya. An cire barazanar fyaɗe da kisan jarirai da Henry ya yi wa mutanen Harfleur, an cire rataye Bardolph, an cire kisan fursunoni. Kenneth Branagh, a fim ɗinsa na 1989, ya dawo da taɓo da jini da igiyar rataya, amma shi ma ya tsallake umarnin kisan fursunoni.

Ashe labarin ya bi ta matata uku: limamin fada ya tace, marubucin wasa ya tace, masu shirya fim suka sake tacewa. A kowane mataki abin da ke fara zubewa shi ne na talaka, wato yunwarsa da ƙyauren ɗakinsa.

Yadda kogin ya rufe labarin

Henry ya samu yarjejeniyar Troyes a 1420, wadda ta ba shi auren Catherine, 'yar Sarkin Faransa, da gadon sarauta. Bai hau ba. Ya rasu a 31 ga Agustan 1422 yana da shekara 35, makonni bakwai kafin surukinsa. A ƙarshen 1430, a gidan sarautar Le Crotoy da ke bakin Somme aka tsare Joan ta Arc, yarinyar da ta karya ƙawanyar Orléans, kafin a wuce da ita Rouen a ƙone ta a 30 ga Mayun 1431. A wasan Henry VI kashi na ɗaya an nuna ta a matsayin mayya mai kiran aljanu. Zuwa 1453 babu abin da ya rage wa Ingila a Faransa sai Calais.

Babin ƙarshe ma a kan kogin aka rubuta shi. A 1475 Edward na Huɗu ya sake shiga Faransa da babbar runduna. Sarki Louis na Goma Sha Ɗaya bai tare shi da takobi ba. Sun haɗu a 29 ga Agusta a kan wata gada da aka gina a Picquigny, da shingen katako a tsakaninsu don gudun cin amana, Louis ya amince ya biya tsabar zinariya 75,000 nan take da 50,000 duk shekara, ya kuma cika sojojin Ingila da abinci da giya a Amiens har suka koma gida. Wannan ciniki, wanda ya hana zubar da jini, bai samu gurbi a wasannin Shakespeare ba. Calais kanta ta suɓuce a 1558, shekara shida kafin a haifi marubucin. Wato masu kallon 1599 suna tafa wa nasarar da ba ta bar musu ko taki ɗaya na ƙasa ba.

Kwarin bai huta ba bayan haka. A 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta Yaƙin Somme, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu. A Yunin 1940 kuma sojojin Afirka da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen da ta mallaka suna cikin waɗanda suka tsare wannan layi. A Airaines, garin da Edward na Uku ya yada zango kafin Blanchetaque, sojojin Jamus suka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, bayan ya miƙa wuya. An daɗe kafin irin waɗannan sunaye su shiga labarin da ake bayarwa.

Abin da ya rage ga mai karatu

Ba sai mutum ya taɓa taka Faransa ba kafin wannan ya shafe shi. Duk mai bibiyar sanarwar gwamnatoci a kan yaƙi ya san siffarta: adadin abokan gaba da aka kashe a jere, asarar gida a taƙaice, sunan shugaba a sama. Tarihin Somme yana koya mana inda za mu duba: a jimlar da aka wuce da sauri. Wa ya yanke shawarar tafiyar, kuma me yake son nunawa? Me sojoji suka ci a hanya, daga rumbun wa? Wa ya ƙirga gawarwakin, kuma wa ke biyansa albashi?

Blanchetaque dai babu shi yanzu. Tun da aka haƙa wa kogin sabuwar hanya tsakanin Abbeville da Saint-Valery a ƙarni na 19, mashigin ya koma makiyaya da gonaki. Wasan kuwa har gobe ana hawa dandamali da shi, kuma kowane mai shirya shi sai ya zauna ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai cire.